Koset na Tarihi: Abin da Ke Sa Wani Ya Zauna Daram a Jiki, Wani Kuma Ya Zama Azaba

Telan da aka kawo wa aikin kayan fim ko wasan dandamali na Turai ta dā, ko rigar Faransa ce ta 1780 ko ta Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, zai tarar cewa rigar ba ta tsayawa da kanta. Tun asali an yanka ta ne don ta hau kan koset, wato rigar cikin nan mai tsinkaye da ake ɗaurewa da igiya. In babu shi, rigar za ta tattare a ƙugu ta zube a ƙirji, komai tsadar yadin. In kuma aka sa mata na wani zamani dabam, mai ido zai gane tun daga nesa. Amma abin da masu sawa suka fi kuka da shi ciwo ne, har an ɗauka cewa koset da ciwo ba sa rabuwa. Ba haka ba ne. Matan Turai sun shafe fiye da shekara 300 suna wanki da girki da aikin masaƙa da hawan doki sanye da shi. Koset ɗin da ya fara cizo cikin awa guda, galibi laifin yanka ne, kuma ana iya ɗora yatsa a kan daidai wurin da laifin yake.

Kafin a taɓa almakashi, sai an san shekarar da ake ɗinka wa, domin siffar ta sauya sau da dama. Daga cikin mafi tsufa da suka rage har yau akwai wanda aka binne Dorothea Sabina ta Neuburg da shi a 1598, yana gidan tarihi a Munich, da wanda aka yi wa mutum-mutumin jana'izar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1603, yana Westminster Abbey a Landan. Waɗannan da na ƙarni na 18 manufarsu ɗaya: su mayar da gangar jiki miƙaƙƙiya, mai faɗi a sama tana tsukewa zuwa ƙasa, ba lanƙwasa a kwiɓi. Suna danne mama su tura shi sama, maɗaurin kafaɗa kuma yana jan kafaɗu baya. Ba su cika rage ƙugu ba. A gindinsu akwai harsuna da aka tsattsaga, waɗanda ke bajewa a kan kwatangwalo, kuma ba ado ba ne: su ke hana bakin koset nutsewa cikin nama, su ke kuma raba nauyin fatari da siket. Wanda ya fara tsagar harsunan ƙasa da ainihin ƙugu, ko da rabin inci ne, ya haɗa mai sawa da ciwon da ba ta da yadda za ta zauna ta huta.

Wajen 1800 zuwa 1820 ƙugun riga ya hau can ƙarƙashin mama, sai koset ya yi laushi. Aikinsa ya koma ɗaga mama da raba su, da ƙarin ƙyalle mai kusurwa uku a kowane ɓangare, da sandar katako guda a gaba, sauran ƙarfin kuma daga igiyoyin auduga da ake cusawa cikin layukan ɗinki.

Siffar da yawancin mutane ke nufi in an ce koset, mai tsukakken ƙugu da cikar sama da ƙasa, ta zamanin Biktoriya ce, kuma kayan aiki ne suka haife ta. Idanun ƙarfe na igiya sun shigo a ƙarshen shekarun 1820, sai ya zama ana iya jan igiya da ƙarfi ba tare da yadi ya yage ba. A 1848 Joseph Cooper ya yi rajistar sandar gaba mai rabuwa biyu, gefe ɗaya maɓallai ɗaya gefen kuma madaukai, wadda ta ba mace damar sawa da cirewa ba sai da mai taya ta ba. A 1868 Edwin Izod ya fito da gasa koset da tururi: a shafe shi da sitaci, a ɗaura shi a kan gangar jiki ta ƙarfe mai zafi har ya bushe da wannan siffa. Ko a cikin zamanin ma ba iri ɗaya ba ne. Na shekarun 1860 gajere ne, tunda kejin ƙarfe na siket da ya yaɗu daga 1856 ya rufe kwatangwalo, ba mai ganin abin da ke ƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1870 riguna suka manne har kan kwatangwalo, sai koset ya ƙara tsawo, aka kuma sa masa sandar gaba mai faɗin ƙasa kamar cokali wadda ke tallafe mara. Wajen 1900 aka koma mai miƙaƙƙen gaba, wanda ake dangantawa da Inès Gaches-Sarraute ta Faris: ba ya danna ciki daga sama, bakinsa na sama ƙasa-ƙasa ne, yana tura ƙirji gaba kwatangwalo baya. A shekarun 1910 ya sauko daga ƙarƙashin mama ya rufe har saman cinya, ƙugu ya daina zama abin nunawa.

Akwai abin da ya kamata tela ya riƙe a nan, domin shi ke ceton ƴan wasa daga wahala: siririn ƙugun da ake gani a zane da hotunan dā, rabinsa aikin ido ne. Faɗin siket, da cikon da ake ɗaurawa a kan kwatangwalo da baya, da kumburarren hannun riga na tsakiyar shekarun 1890, da cikon ƙirji, su ke sa ƙugu ya yi kamar bai kai ya kawo ba. Masu hoto na lokacin ma sukan gyara hoto su aske gefen ƙugu. Ƙara inci biyu na ciko a kwatangwalo da inci biyu a ƙirji ya fi cire inci huɗu daga ƙugu fito da siffar zamanin, ga shi ba ya hana kowa numfashi.

Sai batun awo, wanda shi ne zuciyar aikin. Tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo akwai wuri mai laushi da babu ƙashi a gefe, a wasu ya kai inci uku ko fiye, a wasu da ƙyar ya kai ɗaya. Wannan wuri kaɗai ake iya matsewa. A ɗaura siririn roba a wurin, mai sawa ta lanƙwasa hagu da dama har robar ta sami mazauninta, duk sauran awo daga wannan layi za a ɗauke shi. Sau da yawa yana sama da inda take ɗaura siket ɗinta. Haƙarƙari na sama da ƙashin kwatangwalo ba sa matsuwa, kuma naman da aka matse daga ƙugu ba ɓacewa yake yi ba. Kamar ledar ruwa ce da aka shaƙe a tsakiya: abin da ya bar tsakiya sama da ƙasa zai nufa. Don haka koset mai daɗin sawa shi ne mai tsuke ƙugu kaɗai, ya bar wa sama da ƙasa wuri, har ma ya ɗan ƙara musu.

Ga misali da lissafi. A ce mace tana da inci 32 a ƙarƙashin mama, 30 a ƙugu, 37 a saman kwatangwalo, wato inci huɗu ƙasa da layin ƙugu. Ana son koset irin na 1880 da zai rage mata inci biyu, wanda shi ne ragin da ya dace da wadda ba ta saba ba. An saba barin tazarar inci biyu a baya tsakanin gefen hagu da na dama, inda igiya ke ratsawa. To ga ƙugun fatan, wato takardar da ake bi a yanka yadi, a fara da 30, a cire biyu na ragi, a cire biyu na tazara, ya rage 26. Ƙarƙashin mama za a cire na tazara kaɗai, ya zama 30. Kwatangwalo a cire biyu na tazara, a ƙara ɗaya saboda naman da zai gangaro, ya zama 36. Ke nan tsakanin ƙugu da kwatangwalo akwai bambancin inci 10 a cikin tsawon inci huɗu kacal, kuma wannan lanƙwasa dole ta fito a cikin yankan fallayen gefe ko ta ƙarin ƙyalle a kan kwatangwalo. Yawancin na kasuwa masu araha ba su da wannan lanƙwasa, kusan bututu ne. In aka ɗaure su, haƙarƙari da kwatangwalo za su matsu tun kafin ƙugu ya ji komai. Shi ya sa mace za ta ce koset ya kashe ta, alhali a ƙugu ana iya zura hannu.

Mai taushin jiki takan ɗauki ragin inci uku zuwa huɗu ba tare da damuwa ba. Siririya mai tauri, ko mai motsa jiki, wani lokaci inci ɗaya da rabi ma ya ishe ta. Girman jiki ba ya nuna wannan, sai an ja tef a ƙugu an ga inda ta ce ya isa.

Awon tsaye ya fi na kewaye yawan kawo matsala, kuma shi aka fi mantawa. A zaunar da mai sawa a kan kujera mai tauri, bayanta a miƙe, a auna daga layin ƙugu zuwa inda cinya ta haɗu da mara, sannan a rage kamar rabin inci. Iyakar sandar gaba da tsinkayen gaba ke nan. In suka wuce, da ta zauna cinya za ta tura koset sama, shi kuma ya tura mama zuwa haɓa. A gefe, a bar inci ɗaya da rabi zuwa biyu tsakanin bakin koset da hammata, in ba haka ba zai goge fata duk sanda ta miƙa hannu. Dogayen na shekarun 1910 sun warware wannan ta hanyar tsayar da tsinkaye can sama, yadin ƙasa kuma ya ci gaba ba komai a cikinsa, don ya naɗe in an zauna. Mai ɗinka irinsu ya cika tsinke har ƙasa ya yi kayan tsayuwa ne kawai.

Ba a yanka yadin gaske sai an yi ɗinkin gwaji, kuma gwajin da akoko ɓata lokaci ne, domin yana miƙewa ya ba da awon ƙarya. A yi da kaki mai kauri ko kambas, a sa tsinke aƙalla a kowace gaɓa, a sa sandar gaba, a ɗinka masa faifan igiya na wucin gadi mai idanu da tsinkayensa, wanda za a iya farkewa a yi amfani da shi a wani aikin. A zana layin ƙugu da biro a kan kowane falle. Mai sawa ta sa shi a kan shimi, ta yi awa ɗaya ko biyu a ciki, ta zauna, ta sunkuya, ta ɗaga hannu, ta ci wani abu. Minti biyar a gaban madubi ba ya nuna komai, tunda yawancin ciwo sai jiki ya ɗumama yake bayyana.

Tazarar baya ita ce ke faɗin gaskiya. Abin da ake nema shi ne gefuna biyu su tafi a jere, faɗinsu ɗaya daga sama har ƙasa. In ta buɗe a sama ta haɗe a ƙasa, ƙirji ko haƙarƙari ne suka rasa wuri. In ta haɗe a sama ta buɗe a ƙasa, kwatangwalo ne. In sama da ƙasa suka haɗe tsakiya ta wage, an tsuke ƙugu fiye da abin da jikin zai bayar, kuma tsinkayen baya za su lanƙwashe su murɗe a cikin hanyarsu har su fara tsirar ƙashin baya. In kuma tsakiya ce ta haɗe sama da ƙasa suka wage, lanƙwasar ba ta isa ba, wannan shi ne ciwon na kasuwa da aka ambata. A auna bambancin, a raba shi biyu, a ƙara ko a rage a gaɓoɓin gefe. Kada a yi gyaran a fallen tsakiyar baya ko na tsakiyar gaba, domin su ne ginshiƙi, in suka karkace komai ya karkace.

Tattara ma tana da ma'ana. Wadda ta kwanta a kwance a ƙugu na nuna fallen ya yi tsawo, ko tsinkayen sun yi nisa da juna. Wadda ta tafi a karkace na nuna an yanka fallen ba bisa zaren yadi ba, ko an haɗa fallaye biyu layin ƙugunsu bai yi daidai ba. Naman da ya tudo a saman baya ba a maganinsa da ƙara matsi, sai dai a buɗa bakin sama a ɗan ƙara masa tsawo don ya tallafe shi. Idan saman sandar gaba ya tashi daga jiki ya bar rami, wurin mama ne ya yi kaɗan.

Ciwo guda ɗaya bai kamata a yi wasa da shi ba. Akwai jijiya da ke bi ta gaban ƙashin kwatangwalo zuwa fatar cinya ta waje. In bakin koset ko tsinke ya danne ta, cinyar za ta yi zafi-zafi ko ta mutu ta daina jin taɓi. Da zarar mai sawa ta faɗi haka a kwance igiya nan take, a buɗa kwatangwalo, a kawar da tsinken daga kan ƙashin. Ciwon kwankwaso kuwa yakan zo ne ga mai lanƙwasasshen baya in aka sa mata miƙaƙƙen ƙarfe mai tauri. Maganinsa a lanƙwasa tsinkayen baya da hannu tun kafin a zura su, har su bi siffar bayanta. Haka ma sandar gaba, ana iya ɗan tanƙwara ta a hankali. Ƙwannafi da ƙarancin numfashi alama ce ta cewa an matse saman ciki da ƙananan haƙarƙari. Ko koset mai kyau yana rage numfashin ciki ya mayar da shi ƙirji, shi ya sa a gidajen wasa akan sa wa mawaƙa da masu rawa ƙyallen roba a gefe. Mai juna biyu, da mai asma mai tsanani, da mai gyambon ciki, da wadda aka yi wa tiyatar ciki kwanan nan, a nema musu wata dabarar, ko a bari sai likita ya yarda.

A wajen tsinke, mutane da yawa sun ɗauka ƙarfe mai tauri shi ne na asali. Abin da aka fi daraja shekaru aru-aru shi ne faifan bakin kifin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan. Ba ƙashi ba ne, sinadarinsa ɗaya da farce da ƙaho. Ba shi da nauyi, ana tsaga shi siriri, kuma zafin jiki na sa ya ɗauki siffar mai shi ya riƙe. Da ya yi tsada aka nemi madadi, har kamfanin Warner a Amurka ya yi Coraline daga zaren wani tsiro na Meziko, wasu kuma suka yi daga gashin tsuntsu. A yau abin da ya fi kama da shi shi ne tsinken roba da aka ƙera musamman don kwaikwayonsa, mai faɗin milimita 5 zuwa 7, wanda ake yankawa da almakashi a goge bakinsa, a kuma gyara lanƙwasarsa da tururin dutsen guga. Ga na ƙarni na 18 ana amfani da shi ko da siraran karan saƙa a jera su gefe da gefe. Miƙaƙƙen ƙarfe wurinsa gefe biyu na idanun igiya da kusa da sandar gaba. Murɗaɗɗen ƙarfe mai kama da sifirin da aka danne, wanda ya yaɗu a farkon ƙarni na 20, yana lanƙwasa ta kowace fuska, don haka ya dace da gaɓoɓi masu lanƙwasa, amma in aka sa shi kusa da igiya zai karkace. Siririn tsinken roba, wato bonin, da ake ɗinkawa da keke a rigunan amare masu koset a Kano da Kaduna da Abuja bai dace da wannan aiki ba. An yi shi ne don ya tsayar da riga, ba don ya ɗauki jan igiya ba, kuma da ya karye a ƙugu sau ɗaya, a nan zai riƙa sukar mai sawa har a jefar da shi.

Hanyar tsinke ta fi tsinken faɗi da kamar milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ta fi haka zai juya ya tsaya da kaifinsa. Tsawonsa kuma ya gaza hanyar da kamar rabin inci zuwa kashi uku cikin huɗu na inci, don allurar keke ta sami wurin ɗinka bayas, wato ƙyallen naɗe baki. Daga nan a kama kan kowane tsinke da ɗinkin hannu na zare mai ƙarfi, sama da ƙasa. Wannan ɗinki da ake gani kamar ado a koset ɗin Biktoriya aiki yake yi: yana hana tsinke zamewa ya huda yadi, yana kuma miƙar da fallen ya hana tattara.

Yadin da aka saba shi ne kutil, saƙar auduga mai matsi ƙwarai wadda ba ta miƙewa. Na ƙarni na 18 kuwa lilin ne mai kauri hawa biyu, da shafi a ciki da ake iya farkewa a sauya, bakinsa kuma sau da yawa da fata mai laushi ake naɗe shi. A ƙasa mai zafi hawa ɗaya na kutil ya wadatar, kuma bai saɓa wa tarihi ba, domin da yawa daga na ƙarshen ƙarni na 19 hawa ɗaya ne, har akwai na bazara da aka yi da raga. In za a ɗora siliki a sama, a lanƙwasa hawa biyun a kan hannu ko matashin guga kafin a kafa fil, saboda na waje yana buƙatar ɗan ƙarin faɗi. In aka haɗa su a shimfiɗe a kan tebur, na ciki zai tattare ya ci fata, na waje kuma ya fashe a gaɓa. Ɗinki ya zama gajere, milimita 1.5 zuwa 2. A layin ƙugu daga ciki a shimfiɗa ƙyalle mai faɗin inci ɗaya wanda ba ya miƙewa, daga sandar gaba har zuwa idanun baya, domin nan ne duk ƙarfin ja ke taruwa.

Idanu a buɗe su da basilla maimakon a fasa da abin huda, saboda basilla tana ture zaren yadi gefe, abin huda kuwa yanke shi yake yi, daga nan yagewa ke farawa. Na ƙarfe su zama masu gida biyu, tazararsu kashi uku cikin huɗu na inci zuwa inci ɗaya, a ɗan matso da su kusa da juna a ƙugu. Yawancin abin da ya girmi shekarun 1820, idanunsa na zare ne da hannu, kuma igiyarsa guda ɗaya ce da ke tafiya tana zagaye daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka ba a jera idanun daura da juna, ana gocar da su rabin tazara, sai na farko da na ƙarshe kawai ake daidaitawa. Wanda ya jera su daidai sannan ya ɗaure da igiya guda, gefe ɗaya zai hau sama ya bar ɗaya, koset ya zauna a karkace. Na Biktoriya kuma igiya ce mai tsawon mita biyar zuwa bakwai, a gicciye, da madauki biyu a daidai ƙugu waɗanda ake ja.

Sawa ma tana da ƙa'ida. Ba a taɓa ɗora koset a kan fata tsirara ba, kullum akwai shimi ta lilin ko auduga a ƙasa, wadda ke shan gumi a wanke ta, tunda shi koset wanki na sa ƙarfensa tsatsa. A ja shimin ta miƙe ta baya kada ta naɗe. Safa da takalmi a sa su tun farko. A sassauta igiya sosai, a rufe sandar gaba, a daidaita layin ƙugu da ƙugun jiki, a ja kaɗan, a bar jiki ya saba na kamar minti 15, sannan a ƙara. Sabon koset a fara da awa ɗaya ko biyu a sassauce na ƴan kwanaki kafin ranar ɗaukar fim, don yadi da tsinkaye su bi jikin mai shi. Rigar sama kuma a auna ta a kan koset ɗin da aka gama, ɗaure daidai yadda za a sa shi, tare da duk cikon da fatarin da za su shiga ƙasa, a rubuta faɗin tazarar baya don mai shirya ƴar wasa ta maimaita shi kowace rana. Wajen cirewa, igiya ake fara sassautawa kafin a taɓa maɓallan gaba, domin buɗe sanda a cikin matsi na lanƙwasa ta ko ya fizge maɓalli. Daga nan a rataye shi a kan kujera, cikinsa a waje, a inuwa mai iska, ya bushe sarai kafin a naɗe.